Ranar da Na Fassara Tarin Ilya

Ku da kuke zuwa darasin yamma a zauren nan, ina jin ku ta taga. Malaminku ya ce hot, ku ce cold. Ya ce up, ku ce down. Da an tashi sai wani ya fito yana gyara zaman hula, wai Turanci ya zo hannu, ko gobe aka kira shi tafinta zai yi. Shekaranjiya ma ɗayanku, ba zan kama suna ba don uwarsa maƙwabciyata ce, ya nuna mini waya ya ce yanzu ita ma tana tafinta, kuma kyauta. Na ce masa madalla. Sai dai kallon kitse kuke yi wa rogo. Na ci abinci da wannan sana'a shekaru masu yawa, mafi wuyarsu a jejin Arlit lokacin da yuraniyom yake tashe, don haka ku ba ni kunne.

A wani garejin manyan motoci na koya, nan Kano, hannun Malam Bawa, tsohon soja, wanda yake tsayawa tsakanin Baturen gareji da makanikai. Na zo masa da Turancin firamare ina ji da kaina. Ya daɗe bai bar ni na buɗe baki ba. Aikina in bi shi in ga inda yake sa ƙafa. Tafinta ba ya tsayawa a tsakiya kamar mai rabon faɗa. Yana ɗan ja baya ne daga kafaɗar mai magana, don mai sauraro ya dubi mai maganar ya manta da kai. In aka watse mutane suna tuna fuskarka, to ka yi surutu. Kayan aikin ke nan: ƙafa, kunne, da goro a kunci kada maƙogwaro ya bushe. Ƙamus ina da shi, ƙarami mai jan bango, amma ban taɓa ganin Baturen da ya tsaya jira a buɗe ƙamus ba.

Wata rana Malam Bawa ya tambaye ni akasin light. Na ce dark, har da murmushi. Ya nuna mini wata giyar mota da aka sauke daga tirela ya ce in ɗaga. Na yi nishi na kasa. Ya ce, "To Sabo, wannan duhu ne ya hana ka ɗagawa?" Makanikai suka yi ta dariya har aka tashi. A ranar na gane kalma ɗaya tana iya samun akasi fiye da ɗaya, kuma ba ita take zaɓa ba, wurin da aka faɗe ta ne yake zaɓa. Dokarsa kuwa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita: "Kai ɗan dako ne. Abin da aka ɗora maka kai shi, kada ka ƙara, kada ka rage. Amma ɗan dakon kirki ya san ko ƙwai ya ɗauka ko dutse."

Arlit na bi wani ɗan kasuwar unguwarmu ne, a saman mota cike da goro da atamfa da kwanukan sha, don an ce can kuɗi yake kwana a ƙasa. Gari ne a fili fetal, babu bishiyar da za ka ce ga ta, amma ga lantarki, ga motocin ma'aikata suna jerin gwano da sassafe. Mutanen Maraɗi, Damagaram, Tahoua, Buzaye, Fulani, Barebari, kowa da irin Hausarsa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, Turancina a can bai kai goro ɗaya daraja ba. Manyan wurin Faransanci suke yi. Na zauna ina auna atamfa a rumfa, Turancin yana tsatsa a baki, har aka zo kasuwa ana cigiyar mai jin Ingilishi. Wani ƙaramin kamfani ne na masu haƙar gwaji ya kawo Baturen Ingila da injinsa, shi ba Faransanci, ba Hausa, leburori kuwa sun gaji da maganar hannu.

Sansaninmu yana can wajen Gugaram, inda in mota ta sauke ka sai ka ji kunnenka yana ƙara don shiru. Tantuna ne, da injin haƙa a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, da tankar ruwa. Baturen, leburori suna ce masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu. Ba mugu ba ne, ba kuma mai fara'a ba. Aikinmu mu huda ƙasa, mu fito da dutsen ciki, a jera shi a akwati a kai wa masana, mu naɗe mu matsa gaba.

Ku ɗauki ƙara bututu kawai. In bututun da ke cikin rami ya nutse, sai a tsayar, a kwance kansa, a ɗago sabo da igiyar ƙarfe, a daidaita bakinsa a kan na ƙasa, a murɗa. Mutum ɗaya ne yake riƙe bakin da hannunsa, yatsunsa suna dab da inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe. Injin yana ruri, Mai Lofe yana magana ta gefen lofe, ni ina bayan kafaɗarsa ta hagu ina ƙwala wa mutane. A nan in ya ce slow, yabo ne da lallashi, a hankali, haka nake so. Bayan ɗan lokaci wajen loda akwatuna ya sake cewa slow, wannan kuma faɗa ne, kun cika nawa. In na kai na biyun da muryar na farko, aiki ya kwanta. In na kai na farkon da muryar na biyu, wani ya rasa yatsu. Haka hard: in dutse yake nufi, akasinsa laushi ne, a canza haƙorin injin. In aiki yake nufi, akasinsa sauƙi ne, a ƙaro hannu. Ba a baki ake jin bambancin ba, sai ka dubi inda idonsa yake.

Da na ga ranar da abu zai tsinke ba mai jiran tafinta, sai na riƙa koya wa leburori kalmomin biyu-biyu, kamar yadda ake koya muku, a inuwar ƙarƙashin kamyo lokacin hutun rana. Stop da go, tight da loose, dry da wet. Har da better da worse, don duk sanda aka gyara injin sai Mai Lofe ya karkata kai ya tambaya ko ƙarar ta gyaru ko ta ƙara lalacewa. Wanda ya fi kowa kamawa shi ne Ilya, Ba'adare daga wani ƙauye a ƙasar Tahoua, mai riƙe bakin bututu. Ya girme ni sosai, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma sau ɗaya ake gaya masa abu. Yana ce mini Malam, ina ce masa Yaya Ilya. Kwano ɗaya muke ci dukanmu, ni kuma kullum ina makara don sai na gama da tantin Bature. Ilya ne yake tare mini gefe da hannunsa, ya tura tsokar nama can ya ce, "Ku bar ma Malam nashi, bakinshi ya hi namu aiki."

Haƙa iri biyu ce. In da ruwa, ana tura shi cikin rami, garin dutse ya fito a jiƙe kamar kunu. In babu, iska ake hurawa, garin ya taso fari fat, ya fara da fuskar wanda ke bakin rami. Rijiya ta yi mana nisa, tankar kuma ta tsufa, kwananta a hanya ya fi zuwanta. Saboda haka muka daɗe muna haƙa a bushe. Ilya yakan naɗe hanci da rawani, ya tashi da yamma gira da gemu fari kamar tsoho. Tari ya fara masa kaɗan-kaɗan, ya zo ya zama in ya kama shi sai ya dafa gwiwa. Mai Lofe ya sa aka kai shi wajen likita a Arlit, ya dawo da kwalbar magani, ya koma bakin aikinsa. Ƙa'idar irin wannan aiki kowa ya san ta: wanda jikinsa ya gaza, a sallame shi, a sa shi a mota.

Wata la'asar muna alwala kusa da juna, ya yi tari ya goge baki da bakin rawani, na ga jini. Ya ga na gani. Bayan an sallame salla ya jira kowa ya tashi, ya matso.

"Malam, gobe Anasara za shi tambayi jikina. Abin da nac ce, shi za ka kai mai. Kar ka ƙara komi."

Na ce, "Yaya Ilya, na fa ga bakin rawaninka."

"Abin da kag gani, kai da Allah. Hwari ya cinye muna bisashe, tsoho ba shi iya noma, gidanmu duka nan bakinsu yake. In anka sa ni kamyo, mi za ni kai musu?"

Na sunkuyar da kai ina juya butata. Ya ɗauka na amince ne, ya dafa kafaɗata ya tafi.

Da safe kafin a tayar da injin, Mai Lofe ya kira shi gaban kowa. Ya cire lofen daga baki, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce in tambaye shi jiki. Na tambaya. Ilya ya miƙe ƙyam ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ku Hausawa ne, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Mutum yana kwance an juya shi gabas, ka tambayi iyalinsa, da sauƙi za su ce. Ladabi ne ga Ubangiji, ba rahoton likita ba. Ainihin amsar muna karanta ta ne a ido, da ɗan shirun da ke biyo baya. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san haka, ban da mutum ɗaya, kuma shi ne mai yanke hukunci. Na gwada hanyar tsakiya, na ce masa Ilya yana gode wa Allah. Mai Lofe ya ce shi bai tambayi Allah ba. Ya ce yau ma babu ruwa, a bushe za a haƙa, yana so ya sani ko ya mai da shi bakin rami. Ya ɗaga yatsa biyu ya ce, "Better or worse?"

To ga kalmominku biyu, waɗanda kuke rerawa kamar waƙa. Ɗaya ta mai da mutum cikin ƙurar da ke cin huhunsa, ɗaya ta raba gida guda da abinci. Babu ta uku. Ilya yana kallona, sauran suna kallon ƙasa. Da Bahaushe ne ya yi tambayar, da ya ji da sauƙin nan, ya dubi idon Ilya, ya ce a hutar da shi. Abin da Bahaushe zai ji, shi ne kayan da aka ɗora mini, ba ƙarar kalmar ba. In na ce better, ni ne na ƙirƙiro wa Bature labarin da babu shi. Na gyara goron kuncina na ce, "Worse."

Magana zarar bunu ce. Kuma ba wanda ya bukaci in fassara, tunda ni da kaina na koya musu a ƙarƙashin kamyo. Ilya ya maimaita kalmar a hankali, daidai yadda na koya masa, ba kuskure ko kaɗan. Ya zare safar hannunsa, ya haɗa su, ya ajiye a kan bututu. Da motar kayan abinci za ta koma Arlit aka sa shi a ciki. Ya bi kowa ya yi sallama. Ni ma ya ba ni hannu, bakin yatsu kawai, idonsa a wani wuri.

Kada ku zaci an zage ni ko an yi mini faɗa. Namu ba haka yake ba. Gaisuwa ba ta ragu ba, har ƙaruwa ta yi, irin wadda ake yi wa baƙo. Sai dai in na fito daga tantin Bature sai in tarar an wanke kwano, an ajiye mini nawa daban a rufe. In na nufo inuwar kamyo sai hira ta koma kan zafin rana. Darasin biyu-biyu ya mutu ba wanda ya ce a daina. Na taɓa jin wani yana gaya wa sabon lebura, "Ka iya bakinka, ga kunnen Anasara nan." Shi kuwa Anasaran da aka ce ni kunnensa ne, bai taɓa tambayata ko ina da mata ba. In an tashi aiki sai ya shige tanti da rediyonsa. Akwai wani tsohon duro tsakanin tantinsa da kamyo, a kansa nake cin abincina. Duk yini magana tana bi ta bakina, ta wannan zuwa wancan, babu ko ɗaya tawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kan duron nan ba, kuma na daɗe a kansa.

Mutum ɗaya ne bai canza ba, Agali, Buzun da yake nuna mana hanya yake kuma gadi. Shi ba ruwansa da kwanon Hausawa, yana gefe da ɗan gawayinsa da butar shayi. Yakan ɗago hannu ya ce, "Malam, zo ka sha. Magana ya wuce, rana ya faɗi." In zauna, ya zuba, in sha, ya sake zubawa. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, bai taɓa cewa ban yi ba. Hausarsa ba ta da yawa, ni kuma ba Tamajak, saboda haka yawanci shiru muke yi muna kallon raƙuminsa.

In kuna jira in ce na yi nadama, za ku daɗe. Aikina na yi, kuma da za a sake tsayar da ni a wurin, abin da zan faɗa ke nan. Abin da ya dame ni ɗaya ne: ban san ko Ilya yana raye ba. Wanda duk na tambaya sai ya ce bai ji labari ba, ko da kuwa ƙauyensu ɗaya.

Sai shekarar da farashin yuraniyom ya faɗi. Mu a jeji ba mu san komai ba sai da muka ga an daina aiko da sababbin bututu. Wanda ya rasa mai sayen abin da ke hannunsa ba ya biyan a nemo masa wani, don haka masu haƙar gwaji aka fara sallama. Muka kwance injin muka ɗaure a kamyo. Fassarata ta ƙarshe ita ce gaya wa mutane aiki ya ƙare, ita ma na kai ta yadda take, ba ta ƙara mini farin jini ba. Mai Lofe ya ba ni hannu a Arlit ya hau mota. Na koma tasha ina jiran 'yan Gana da mutanen kudancin ƙasarmu masu neman wanda zai yi musu magana da direba ko jandarma. Wata rana a samu, kwanaki a rasa. Rumfunan 'yan Kano suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da na sayar da agogona na ci, na san zama ya ƙare.

Da na iso Agadas, hanyar Damagaram ce ta fi kusa da gida, amma na hau motar Tahoua. Ba zan ɓoye muku ba, abu biyu na je nema: in ga ko yana da rai, in kuma yana da shi, in ji mutum ɗaya a duniya ya ce mini na kyauta. A tashar Tahoua na yi ta tambayar masu albasa har na samu wanda ya san ƙauyensu, na bi kamyon da zai je lodi.

A garka na same shi, bakin rijiya, yana ban ruwan albasa. Ya rame, ƙirjin nan ya faɗa, amma a tsaye yake, guga a hannunsa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Malam Sabo? Lale marhabin." Ya kai ni gida. A ƙofar gidan akwai wani ginin siminti da ya tsaya iya taga, babu rufi, awaki sun mai da shi nasu. Muka wuce ta gabansa, na gane a nan kuɗin aikinsa suka tsaya. Aka kawo fura, aka yanka zabo. Ya nuna mini tsohonsa, ya sa aka fito da jaririyar da aka haifa masa bayan dawowarsa na sa mata albarka. Ya tambayi mutanen sansani ɗaya bayan ɗaya, har raƙumin Agali. Maganar da ta kawo ni kuwa, ko kusa da ita bai je ba. Ina ta sauraron ƙirjinsa, tsohon hali, na ji tarin yana zuwa jefi-jefi, a bushe, ba ya durƙusar da shi. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata gobe wajen rakiya zai ce na kyauta.

Da safe ya rako ni bakin hanya, ɗauke da ƙaramin buhun albasa a kafaɗa. Da muka hango ƙurar kamyo sai ya sauke buhun, ya kama hannuna da hannu biyu, wannan karon ya dube ni ido cikin ido.

"Malam, na daɗe ina roƙon Allah shi haɗa mu kahin ɗayanmu shi mutu. Abin da kay yi mini can, na yahe ma, duniya da lahira. Kar ka tahi da shi a zuciya."

Na duba fuskarsa ko da wani abu a ƙarƙashin maganar, don aikina ke nan. Babu komai. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har idonsa ya kawo ruwa don jin daɗin ya sauke nauyi. Abin ya yi mini ciwo fiye da duk zaman kan duro.  Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya Ilya."

Ya ce amin. Kamyo ya tsaya, na hau. Ya sunkuya ya ɗaga buhun shi kaɗai, ya cilla mini sama, bai yi tari ba, ya juya ya koma ban ruwansa.